Filayen Biki da Rayuwar Makaɗin Suwidin Avicii

Kiɗan rawa na na'ura, wanda a yau ake tara dubun dubatar jama'a a fili domin sauraronsa, asalinsa daga ƙananan gidajen rawa ne na baƙar fatar Amurka, domin a Shikago ne makaɗi Frankie Knuckles ya riƙe kiɗan gidan rawa na Warehouse tun daga 1977, yana haɗa faifai da faifai ta yadda kiɗa ba ya yankewa har asuba, sa'an nan samarin Ditroit, irin su Juan Atkins da Derrick May, suka ɗauki na'urorin ganga suka ƙago nasu salon. Daga can ya ƙetare teku zuwa tsibirin Ibiza da Ingila, inda matasa suka riƙa fita da shi gonaki cikin dare, har hukumar Ingila ta kafa doka a 1994 domin ta hana irin wannan taro. A Balin kuwa, jerin gwanon Love Parade da mutum wajen 150 suka fara a 1989 ya haura miliyan ɗaya cikin shekara goma. Da 'yan kasuwa suka hango riba, sai aka kafa bikin Ultra a Miyami a 1999, da Tomorrowland a garin Boom na Beljiyam a 2005.

Fitowar nan fili ta sauya wa kiɗan ɗabi'a ƙwarai. Makaɗin gidan rawa yana da dare sukutum, yana iya jan mutanensa sannu a hankali, yana duban fuskokinsu. Amma wanda aka ba sa'a guda a kan dandamali, da wani gabaninsa da wani yana jira a bayansa, ga jama'ar da ta zo daga ƙasashe dabam-dabam ba ta jin harshen juna, ba shi da makawa sai ya zo da karin da kunne ke kamawa nan take. Galibi akan bar kiɗan ya lafa, ya riƙa hawa yana matse numfashi, sa'an nan ganga ta faɗo gaba ɗaya, wuta ta tashi a gefen dandamali, fili duka ya yi tsalle lokaci guda.

Cikin wannan zamani ne Tim Bergling ya taso, wanda duniya ta sani da Avicii. An haife shi a babban birnin Suwidin a 1989, yaro ne mai kunya, wanda ya koyi haɗa kiɗa shi kaɗai a ɗakinsa da kwamfuta da manhajar FL Studio, yana aika abin da ya yi ta intanet. Allah ya hore masa baiwar kari mai daɗi, abin da filin ke bukata ke nan daidai, shi ya sa bayan da Ash Pournouri ya zama mai kula da al'amuransa a 2008, shahara ba ta yi jinkiri ba. A 2011 ya fitar da "Levels", wadda ya ɗora muryar Etta James a kanta daga wata waƙarta ta 1962, daga nan kuwa jirgin sama ya zama masaukinsa.

Abin da ya fi cancantar a tsaya a kansa shi ne daren Ultra na watan Maris 2013. Jama'a sun cika fili suna jiran gangar da suka saba, sai ga mawaƙi Aloe Blacc ya fito tare da masu jita da banjo, kayan kiɗan mutanen karkarar Amurka, suka soma wata waƙa da ba wanda ya taɓa ji. Hannuwan da ke sama suka sauka, waɗansu suka yi ihun ƙi, kafin gari ya waye kuma intanet ta cika da ba'a. Waƙar nan ita ce "Wake Me Up", wadda da ta fito bayan wata uku ta hau matsayi na ɗaya a ƙasashe fiye da ashirin. A ganina hukuncin filin nan bai zo da mamaki ba, domin taro irin wannan kamar kasuwa yake, abin da ya saya jiya shi yake nema yau, alhali yaron ya riga ya fara ɗaukar kansa marubucin waƙa, wanda wurin zamansa ɗakin ɗaukar sauti ne.

Sai dai a zamanin da cinikin faifai ya faɗi, kuɗin yana wurin wasa ne a gaban jama'a, kuma wasa ɗaya na jawo goma. Shi da bakinsa ya faɗa cewa giya ce ya riƙa sha domin ya kori fargabar hawa dandamali. A farkon 2012 aka kwantar da shi asibiti da ciwon ciki mai tsanani wanda aka danganta da shan, a 2014 aka yi masa aikin cire matsarmama har ya rasa Ultra na shekarar, magungunan kashe zafi kuma suka zama masa wata jaraba. A Maris 2016 ya yi shelar daina yawon wasa, ya yi na ƙarshe a Ibiza cikin Agusta, bayan wasanni fiye da 800. Fim ɗin "True Stories" na 2017 ya nuna shi yana faɗa wa mutanensa ƙarara cewa ba zai iya ba, su kuwa suna lissafa masa wasannin da aka riga aka ƙulla.

Ya rasu a Maskat ta ƙasar Oman ran 20 ga Afrilu 2018, yana da shekara 28, daga baya kuma ta tabbata cewa shi ya kashe kansa. Iyayensa sun kafa gidauniya da sunansa a 2019 domin taimakon matasa masu fama da damuwar zuciya, a 2021 kuma aka mai da sunan babban zauren wasanni na birninsu Avicii Arena.