Matokarin Ƙofa: Yadda Ake Zaɓensa, a Kafa Shi, a Kula da Shi

Mene ne matokari?

Matokari wani ɗan ƙarfe ne, ko dutse, ko dunƙulen kankare da ake kafawa a ƙasa domin ya tare gambun ƙofa, wato ƙyaure, kada ya wuce inda ya kamata ya tsaya. Ana bukatarsa a manyan ƙofofin da gambunansu ke juyawa a kan maratayi, irin na makarantu, gidajen likita, bankunan cimaka, garake da wuraren renon itatuwa.

Me ya sa yake da muhimmanci a ƙasar Dakoro?

Garin Dakoro yana kimanin kilomita 120 arewa da Maradi, kusa da kwarin Tarka, inda ƙasar noma ta haɗu da ƙasar kiwo. Abubuwa uku ne ke gajiyar da ƙofa a wannan yanki: iska, rairayi da dabbobi.

Daga watan Nuwamba zuwa Fabrairu iskar hunturu tana kaɗowa daga arewa maso gabas. A farkon damina kuma, wajen Yuni da Yuli, iska mai ƙarfi takan riga hadari isowa, yawanci daga gabas. Idan gudun iska ya ninka sau 2, ƙarfin da take tura gambu da shi yana ninkawa sau 4. Gambun kwano mai tsawon mita 2 da faɗin mita 1 da rabi, idan iska mai gudun kilomita 70 a awa ta buge shi, nauyin turin ya kai kilo 70, wato ya fi buhun siminti guda.

Gambun da ba shi da matokari yakan wuce iyakarsa da ƙarfi. Maratayai su lanƙwashe, ginshiƙi ya tsage, sakata ta daina shiga. Daga nan ƙofa ba ta ƙara rufuwa. Awaki kaɗan sun isa su cinye shukar da mata suka yi wata uku suna ban ruwa, sannan rigima ta tashi tsakanin masu garka da masu dabbobi. Gambun da iska ta fizgo yana kuma iya buge yaro.

Ire-iren matokari

1. Na tsakiya. Ana kafa shi a inda gambuna biyu ke haɗuwa idan an rufe ƙofa. Shi ke hana su zarcewa.

2. Na gefe. Ana kafa shi a inda gambu ke tsayawa idan an buɗe shi. Yana da kyau a haɗa shi da ƙugiya, domin ta riƙe gambu har amalanke ko mota ta gama wucewa.

3. Ramin sakata. Guntun bututun ƙarfe ne da ake binnewa a cikin kankare, sakatar ƙasa ta riƙa shiga cikinsa.

Ƙofa mai gambu biyu tana bukatar duka ukun. Mai gambu ɗaya na gefe ya ishe ta, domin ginshiƙi ne ke tare ta wajen rufewa.

Yadda za ku zaɓa

Ku fara duba nauyin gambu. Gambun kwano mai nauyi yana son ƙarfe mai kusurwa, mai kauri. Maƙeri ko mai walda zai haɗa muku shi, ya liƙa masa guntayen rodi a gindi domin su kama kankare. Gambun waya ko na itace, dutse mai ƙwari da aka binne rabinsa ya wadatar da shi. Turken itace yana da araha, amma gara tana cinye shi.

Ku duba abin da ke bi ta ƙofar. Matokarin tsakiya kada ya yi tsawon da zai taɓa cikin mota ko ya sa jaki tuntuɓe. Ya isa ya zarce ƙasan gambu da santimita 2 ko 3. A kashe masa kaifi, a daidaita kankaren da ke kewaye da shi ya yi gangare.

A fuskar da gambu ke bugawa a ɗaura guntun tsohuwar taya. Robar tana rage ƙarfin bugu, tana kuma kare fenti.

Yadda ake kafa shi

Hausawa sun ce tun ran gini ran zane. Gara a kafa matokari a ranar da aka rataya ƙofa. Ga matakan da za a bi:

1. A tabbatar gambuna sun rataya daidai, ba sa jan ƙasa. Matokari ba ya gyara ƙofar da ta karkace.

2. A rufe gambuna su daidaita, a yi alama a ƙasa inda suka haɗu. A buɗe su, a yi alama inda ake so su tsaya, kafin su taɓa bango. Matokarin gefe ya kasance kusa da bakin gambu, nesa da maratayi. Idan ya matso kusa da maratayi, duk bugun da aka yi zai riƙa fizgar maratayin.

3. A haƙa rami mai faɗin santimita 30 da zurfin santimita 40. A ƙasar jigawa a ƙara zurfi har a tarar da ƙasa mai tauri, a yayyafa ruwa, a daɓe gindin ramin.

4. A kwaɓa kankare: awo 1 na siminti, awo 2 na rairayi mai tsabta, awo 3 na tsakuwa. Kada ruwa ya yi yawa, domin yana raunana kankare.

5. A zuba, a caccaka da sanda don iska ta fita, a dasa ƙarfen. A kawo gambu a hankali a gwada tun kankare bai kama ba.

6. Bututun sakata ya fi sakatar faɗi kaɗan. A bar gindinsa a buɗe, a shimfiɗa tsakuwa a ƙarƙashinsa domin ruwa ya tsiyaye.

7. A rufe wurin da tsohon buhu, a riƙa jiƙa shi safe da yamma har kwana 7. Zafin rana yana busar da kankare tun bai yi ƙwari ba. A cikin waɗannan kwanaki a ɗaure gambuna da igiya, a hana amalanke bi ta kai. Sai bayan kwana 28 kankare ke samun cikakken ƙarfinsa.

Yadda ake kula da shi

Kwamitin da ke kula da wurin ya ɗora wa mutum ɗaya wannan aiki.

Kowane mako a share rairayin da iska ta tara, domin yana binne matokari har gambu ya haye kansa. A yashe ramin sakata da waya, a toshe bakinsa da tsumma idan ba a amfani da shi.

A sa wa maratayai mai kaɗan, a goge ragowar. Kada a zuba mai a cikin ramin sakata, domin rairayi zai manne ya toshe shi.

Kafin damina a kankare tsatsa, a shafa fenti. Farin fenti ya fi, domin a ga matokarin da dare. A sake robar idan ta cinye.

Bayan ruwa mai yawa a duba ko ƙasa ta zaizaye a gindin kankare, a cike, a daɓe. Idan gambu ya fara gogar ƙasa ko ya daina haɗuwa da matokari, laifin yawanci na maratayi ne ko na ginshiƙi. A kira mai walda ya duba su kafin a taɓa matokarin.

Abin tunawa

Idan kun ga hadari ya taso, ku rufe ƙofa ku sa sakata, ko ku maƙale gambu a ƙugiyarsa. Kada a bar shi yana lilo. Ku koya wa yara wannan, ku kuma hana su hawa gambu, domin nauyinsu ma yana sa shi ya sauka.