Su Wa Ke Zaɓen "Fim Mafi Kyau Na Shekara"?

A daren 2 ga Maris 2025, a birnin Los Angeles na Amurka, aka bayyana *Anora* a matsayin fim mafi kyau na shekarar 2024 a bikin Oscar. Ƙaramin fim ne da aka kashe wa kimanin dala miliyan 6, labarin wata budurwa mai rawa a gidan rawar dare a New York wadda ta auri ɗan wani attajirin Rasha. A wannan shekarar kuwa, fim ɗin da ya fi tara jama'a a gidajen sinima na duniya shi ne *Inside Out 2*, wanda ya samo kusan dala biliyan 1.7, amma ko cikin fina-finai goman da suka yi takarar babbar lambar ba a saka shi ba. Abin da *Anora* ya samo bai kai kashi biyar cikin ɗari na wannan kuɗi ba.

Kowace shekara sai an yi wannan gardama: masu kallo su ce alƙalai sun yi son kai, masu sharhi su ce jama'a ba su san abu mai kyau ba. Gardamar ta girmi duk masu yin ta a yau. Tarihinta yana nuna cewa "mafi kyau" hukunci ne da wasu mutane ƙididdigaggu suke yankewa bisa wasu ƙa'idoji, kuma duk lokacin da aka sauya mutanen ko ƙa'idojin, gwanin ma sauyawa yake yi.

Daren da aka ba da lamba biyu

A shekarar 1927 aka kafa cibiyar da ke ba da lambobin Oscar, wadda aka fi sani da Akademi. Jagoran kafa ta shi ne Louis B. Mayer, shugaban kamfanin MGM, kuma babban abin da ya dame shi a lokacin shi ne ƙungiyoyin ƙwadago da suka fara samun gindin zama a Hollywood. Yana son wata inuwa da za ta haɗa masu kamfanoni da daraktoci da jarumai da marubuta da ma'aikatan fasaha, a riƙa sasanta rigima a cikin gida. Maganar lambar yabo daga baya ta biyo.

An yi bikin farko ranar 16 ga Mayu 1929 a otal ɗin Roosevelt da ke Hollywood. Liyafar cin abinci ce ta mutum kusan 270, kuma rabon lambobin bai wuce minti goma sha biyar ba, domin tun wata uku kafin ranar an riga an sanar da waɗanda suka yi nasara.

Abin lura a wannan dare shi ne manyan lambobi biyu aka bayar. Ɗaya ta fitaccen fim ce, aka ba *Wings*, fim ɗin yaƙin jiragen sama da aka kashe wa maƙudan kuɗi, jama'a kuma suka yi tururuwar kallonsa. Ɗayar ta fim mai fasaha ta musamman ce, aka ba *Sunrise* na darakta Bajamushe F. W. Murnau, labarin manomin da wata 'yar birni ta hure wa kunne ya nutsar da matarsa a ruwa. Wato waɗanda suka ƙirƙiro Oscar sun yarda tun farko cewa kyau iri biyu ne: akwai na aikin da ya cika ido ya cika aljihu, akwai na aikin da ya buɗe wa sana'ar sabuwar hanya. Shekara na zagayowa aka soke lamba ta biyu, aka ɗauki *Wings* a matsayin gwanin farko. Tun daga nan kujera ɗaya ce ake son ta ɗauki baƙi biyu.

Hukuncin shekara da hukuncin shekaru

Ba a daɗe ba aka ga illar haka. A 1941 wani matashi ɗan shekara 25, Orson Welles, ya kammala *Citizen Kane*, labarin wani attajiri mai jaridu da ya mallaki komai ya mutu cikin kaɗaici. Kowa ya gane da William Randolph Hearst ake, mutumin da ke da jaridu da dama a faɗin Amurka. Hearst ya hana jaridunsa tallata fim ɗin ko ambatonsa, manyan gidajen sinima da yawa suka ƙi haska shi, kamfanin RKO ya yi asara. A bikin Fabrairun 1942 fim ɗin ya shiga takara a rukuni tara, ya tashi da lamba ɗaya tak, ta rubutun labari. Babbar lambar ta tafi ga *How Green Was My Valley* na John Ford, fim mai taɓa zuciya a kan iyalin masu haƙar kwal a yankin Wales, wanda shi ma ba kanwar lasa ba ne.

Wani alƙalin daban ne ya ɗaga shari'ar. A 1952 mujallar *Sight and Sound* ta Birtaniya ta fara tambayar masu sharhi daga ƙasashe daban-daban su lissafo fina-finan da suka fi kowanne a tarihi, tana maimaita tambayar duk bayan shekara goma. A zagayen farko *Bicycle Thieves* na Italiya ne ya zo na ɗaya, *Citizen Kane* bai shiga goman farko ba. A 1962 sai ga shi a kan gaba, kuma bai sauka ba har 2002, sau biyar a jere. Fim ɗin bai canza ko da daƙiƙa ɗaya ba a tsakani. Abin da ya faru shi ne ya isa Faransa a 1946 bayan Yaƙin Duniya na Biyu, masu sharhi irin su André Bazin suka yi ta rubutu a kansa, sannan a tsakiyar shekarun 1950 aka fara nuna shi a talabijin a Amurka, sabbin idanu suka gan shi ba tare da tsoron Hearst ba.

Wanda ya sauke shi a 2012 shi ne *Vertigo* na Alfred Hitchcock, fim ɗin 1958 da Akademi ba ta ma saka a takarar babbar lamba ba. A jerin na 2012, *Sunrise* na Murnau ne na biyar, *Wings* kuwa babu shi cikin ɗarin farko.

Masu kallo ma suna da tasu kotun ɗaukaka ƙara. A bikin 1995 *Forrest Gump* ya kwashe lambobi shida, *The Shawshank Redemption* ya shiga rukuni bakwai ya fita hannu rabbana. A fitowarsa ta farko a sinima dala miliyan 16 kawai ya samo, alhali an kashe masa miliyan 25. Shagunan hayar kaset ɗin bidiyo da tashoshin talabijin da suka riƙa maimaita shi su suka farfaɗo da shi, kuma tun 2008 shi ne na ɗaya a jerin da masu kallo ke zaɓa a shafin IMDb.

Kamfe da tsarin ƙuri'a

Lambar Oscar tana ƙara wa fim kasuwa, tana ɗaga farashin jarumi, don haka kamfanoni ba sa barin ta ga sa'a. A bikin 1999 kowa ya sa ran *Saving Private Ryan* na Steven Spielberg ne zai yi nasara, sai *Shakespeare in Love* ya kayar da shi bayan kamfanin Miramax na Harvey Weinstein ya zuba kuɗi a tallace-tallace da liyafa da bin masu zaɓe ɗaya bayan ɗaya, tamkar zaɓen siyasa. Daga wannan shekarar irin wannan kamfe ya zama ruwan dare.

Ƙa'idar ƙidaya ma tana da nata tasirin. Da aka ƙi saka *The Dark Knight* na 2008 a takara duk da karɓuwar da ya yi wurin jama'a da masu sharhi, surutu ya yi yawa, sai Akademi ta faɗaɗa gurbin daga fim biyar zuwa goma, ta kuma koma tsarin da mai zaɓe ke jera fina-finan daga na ɗaya zuwa na ƙarshe. Idan babu wanda ya haura rabin ƙuri'u, sai a cire na ƙarshe a raba takardunsa ga zaɓin da ke biye, a yi ta haka har wani ya haura rabi. Wannan tsari ya fi taimakon fim ɗin da mutane da yawa suka sa a na biyu ko na uku a kan wanda wasu ke matuƙar so wasu kuma ke matuƙar ƙi.

Faɗaɗawar ba ta kawo abin da aka nema ba. A karon farko da aka yi amfani da ita, a 2010, *The Hurt Locker* wanda bai samo dala miliyan 50 ba ya doke *Avatar* wanda ya samo sama da biliyan 2.7. Masu kallon bikin a talabijin suka ci gaba da raguwa, daga sama da miliyan 55 a 1998, shekarar da *Titanic* ya lashe lambobi 11, zuwa miliyan 26.5 a 2018. A watan Agustan 2018 Akademi ta sanar da sabuwar lamba ta fim mai farin jini, wato ta koma kan shawarar 1929. Suka ya yi yawa, cikin wata guda ta jingine maganar.

Da aka sauya masu zaɓe

A 2012 jaridar *Los Angeles Times* ta binciki mambobin Akademi, ta gano kashi 94 cikin ɗari farar fata ne, kashi 77 maza ne, rabinsu kuma sun kai shekara 62 ko sun haura. A 2015 da 2016 duk jarumai ashirin da aka tsayar takara farar fata ne, abin da ya tayar da ƙura a shafukan sada zumunta. Akademi ta yi alkawarin ninka yawan mata da waɗanda ba farar fata ba, ta gayyaci sabbin mambobi 683 a 2016 da 928 a 2018, da yawansu daga wajen Amurka. Mambobi suka tashi daga kimanin 6,000 zuwa kusan 10,000. A Fabrairun 2020 *Parasite* na Bong Joon-ho daga Koriya ta Kudu ya zama fim na farko da ba da Turanci aka yi shi ba da ya lashe babbar lambar, bayan shekara casa'in ana bikin.

Haka aka gani a *Sight and Sound*. Masu zaɓe 846 ne a 2012, suka koma 1,639 a 2022, sai *Jeanne Dielman* na Chantal Akerman 'yar Beljiyam ya tashi daga bayan na talatin ya zo na ɗaya. Fim ne na 1975 mai tsawon sama da awa uku, yana bin wata bazawara cikin kwana uku tana girki da wanke-wanke da gyaran gida, kuma shi ne karo na farko da aikin mace ya hau wannan matsayi. Wasu sun ce an yi gyara, wasu sun ce an sa siyasa. Dukkansu sun yarda da abu ɗaya: sabbin masu zaɓe ne suka kawo sabon sakamako.

Waɗanda aka tsayar a bakin ƙofa

Kafin a kai ga ƙuri'a akwai ƙa'idar shiga, kuma nan ne labarin ya shafi Najeriya. Fim ba ya neman babbar lambar Oscar sai an haska shi a gidajen sinima na Amurka, don haka akasarin abin da ake shiryawa a Kano ko Legas bai taɓa shiga lissafi ba. Ƙofar da ta rage ita ce rukunin fina-finan ƙasashen waje, inda kowace ƙasa ke aika fim ɗaya, da sharaɗin mafi yawan maganar cikinsa kada ta zama da Turanci. A Nuwamban 2019 aka cire *Lionheart* na Genevieve Nnaji, fim na farko da Najeriya ta taɓa aikawa, saboda Ibon da ke cikinsa kimanin minti goma sha ɗaya ne kawai.

Wannan sharaɗi ya ba Hausa dama. Fim ɗin da Najeriya ta aika a shekarar da ta biyo baya shi ne *The Milkmaid* na Desmond Ovbiagele, labarin 'yan uwa mata biyu Fulani da 'yan tayar da ƙayar baya suka raba, wanda akasarinsa da Hausa aka yi. A 2024 kuma aka aika *Mai Martaba* na Prince Daniel Aboki, wanda Adam A. Zango ya fito a ciki. Babu wanda ya tsallake zagayen farko a cikinsu. Amma *The Milkmaid* ɗin da masu zaɓen Hollywood suka wuce shi ne ya lashe lambar fim mafi kyau a gasar AMAA ta Afirka a 2020, Maryam Booth kuma ta karɓi ta mataimakiyar jaruma.

Wannan tarihi bai mayar da jerin gwanayen shekara aikin banza ba. Ba don lambar yabo ba, da mutane ƙalilan ne za su ji sunan *Anora* ko *Parasite*, kuma wani lokaci kasuwa da alƙalai sukan haɗu a kan fim ɗaya, kamar yadda aka yi da *Titanic* da kuma *Oppenheimer* a 2024. Abin da tarihin ke koyarwa shi ne yadda ake karanta jerin. Duk wanda aka miƙo wa sunan gwanin shekara, daga Hollywood ne ko daga wani biki a Kano, yana da haƙƙin ya tambayi su wa suka zaɓa, wane fim aka bari ya shiga, kuma wa ya kashe kuɗi don a gan shi. *Sight and Sound* za ta sake tambayar masu sharhi a 2032, kuma a cikin fina-finan da aka yi watsi da su a 'yan shekarun nan akwai waɗanda shari'arsu ba ta ƙare ba.