Mechinikof da Mazauna Hanji

A cikin shekarar 1882 wani masani mutumin Rasha, ana ce da shi Iliya Mechinikof, yana zaune a Masina, wani gari na bakin teku a ƙasar Italiya. Wata rana ya ɗauki ƙayar fure ya soka wa ɗan wata halittar teku mai siffar tauraro, wadda jikinta garau yake kamar ruwa. Da gari ya waye ya duba da madubin nan mai ƙara girman abu, sai ya ga waɗansu ƙwayoyi sun taru sun kewaye ƙayar. Daga nan ya gane cewa jiki yana da dakarunsa masu cinye baƙon abu, irinsu kuwa su ne fararen ƙwayoyin jini na mutum. Saboda wannan aka ba shi kyautar Nobel a 1908.

Da ya manyanta, yana aiki a Faris, sai hankalinsa ya koma kan hanji. Ya ɗauka ƙananan halittun da ke cikin babban hanji, watau bakteriya, dafi suke zubawa a jini, su ke jawo tsufa. Maganin da ya ba da shi ne nono mai tsami irin na manoman Bulgariya, ɗan'uwan kindirmo, shi kansa kuwa kullum sai ya sha. Zancen dafin nan ya yi nisa ƙwarai, har wani likita a Ingila, Arbuthnot Lane, ya riƙa yanke wa marasa lafiya babban hanji. Wannan kam ɓarna ce. Mechinikof ya rasu a 1916.

Aka daɗe ba a koma kan maganar sosai ba. Sa'an nan likitocin Turai suka ga fuka da borin jini da atishawar lokacin furen ciyawa suna ta yawaita. Asalin waɗannan kuwa ɗaya ne: dakarun jiki ne ke far wa abin da ba shi da laifi, kamar ƙura ko gyaɗa. A 1989 David Strachan ya bincika labarin yara fiye da 17,000 na Birtaniya, ya tarar wanda ke da yayye da yawa bai cika yin atishawar nan ba. Ya zaci cuɗanya da ƙwayoyi tun ana ƙarami ita ce kariya.

Ɓeraye ne suka nuna yadda abin yake. Cikin dakarun jiki akwai waɗansu masu tsawatawa, aikinsu hana sauran wuce iyaka. Ɓeran da aka rena ba bakteriya ko ɗaya a cikinsa, masu tsawatawar nan kaɗan ne a hanjinsa. A 2011 Kenya Honda da abokan aikinsa a Japan suka ba irin ɓerayen nan bakteriya na dangin Kulostiridiya, sai masu tsawatawa suka ƙaru. A 2013 aka gane ɗaya daga cikin dalilan: bakteriyan suna cin dusar abinci wadda ciki bai narkar ba, su fid da wani sinadari mai suna butiret, shi ke sa masu tsawatawa su yawaita. Ashe waɗanda Mechinikof ya tuhuma da dafi, cikinsu akwai masu horar da dakarun da shi ya gano.

A 2014 Cathryn Nagler a Shikago ta nuna ɓerayen da aka ba maganin kashe ƙwayoyi tun suna ƙanana sun fi saurin ƙin gyaɗa, da aka mayar musu da Kulostiridiya kuwa abin ya lafa. Amma ɓera ba mutum ba ne, likitoci suna nan suna gwaji a kan mutane.