Raunin Birkin Hannu Da Tarihin Motar Haɗa-Da-Kanka

Maƙalarmu ta wannan mako ta tarihi ce, kuma za ta kai mu Ingila, cikin ƙananan garejin gida inda mutane ke harhaɗa motocinsu da hannunsu. Akwai wani koke da ya daɗe a bakin masu irin waɗannan motoci: ga gudu, ga kyau, amma idan aka tsaya a gangare aka ja birkin hannu, sai mota ta riƙa silalewa. Wannan rauni gado ne, kuma ta hanya biyu ya zo: ta tarihin birki, da ta tarihin motar kanta.

Mu fara da birki. A shekarar 1902 Louis Renault na Faransa ya fito da birkin ganga, wato takalma biyu a cikin wata gangar ƙarfe mai juyawa tare da taya, idan aka buɗa su sai su goga a jikinta. Wannan birki yana da wata baiwa. Juyawar gangar da kanta tana janyo takalmin ya ƙara cizo, don haka ƙarfi kaɗan ya isa ya riƙe mota. Aibinsa shi ne zafi, domin a rufe yake, idan aka yi ta taka shi sai ya saki. A wannan shekarar ce kuma Frederick Lanchester na birnin Birmingham ya yi rajistar birkin faifai, inda ake matse wani faifan ƙarfe daga gefe biyu. Nasa bai karɓu ba, saboda takalmansa na jan ƙarfe ne, ga ƙara ga saurin cinyewa.

Sai da aka yi shekara hamsin kafin faifai ya samu shiga. A 1953 motar Jaguar C-type ta ci tseren awa 24 na Le Mans da birkin faifai na kamfanin Dunlop, a 1955 kuma Citroën DS ta fito da shi a tayoyin gaba. Abin da ke matse faifan shi ne kalifa, wani dunƙulen ƙarfe da ke rungume da shi, mai fistin a ciki wanda man birki ke turawa. Faifai a buɗe yake, yana shan iska, ba ya saki da wuri. Sai dai ba shi da baiwar nan ta ganga, duk ƙarfin da zai yi sai an kawo masa. Birkin ƙafa yana da mai da ke ninka ƙarfin direba. Birkin hannu kuwa waya kawai gare shi, don ba a yarda a bar mota ta kwana bisa matsin mai wanda zai iya zurarewa ba. Kamfanoni sun yi dabaru iri-iri. Wasu sun sa ƙananan takalma na daban, wasu sun ɓoye ƙaramar ganga a tsakiyar faifan, wasu kuma sun dasa zaren ƙarfe mai murɗawa a cikin fistin, wanda waya ke juyawa ta hanyar wani ɗan hannu a bayan kalifa.

Yanzu sai motar. Mu nan mun san haɗin mota irin na kamfanin Fijo na Kaduna da ya fara aiki a 1975, amma wannan aikin ma'aikata ne. A Ingila mai saye ne ke haɗawa, kuma haraji ne ya haifar da abin. Tun 1940 gwamnatin Birtaniya ta sa harajin saye a kan kayayyaki, har da sababbin motoci, amma motar da aka sayar gunduwa-gunduwa ba ta shiga ciki. Colin Chapman, wanda ya kafa kamfanin Lotus, ya ga ƙofa. A 1957 ya fito da Lotus Seven, 'yar ƙaramar mota mai kujera biyu, wadda inji da sauran kayanta akasari na motocin talakawa ne irin su Ford. A 1973 aka soke wancan haraji aka kawo na VAT, rangwamen ya ƙare, Lotus ta sayar wa kamfanin Caterham haƙƙin ƙera motar. Amma sha'awa ta riga ta kama mutane. Kamfanoni irin su Westfield suka biyo baya, a 1996 kuma Ron Champion ya wallafa littafi mai koyar da gina irin wannan mota da fam 250 kacal, ta hanyar fasa tsohuwar Ford Escort. Da Escort ta yi wuya, sai aka koma kan Ford Sierra, wadda aka ƙera daga 1982 zuwa 1993.

A nan hanyoyin biyu suka haɗu. Manyan samfuran Sierra suna da faifai a baya, da kalifa mai zaren nan a cikin fistin, kuma ita ce ta cika motocin haɗa-da-kanka. Injiniyoyin Ford sun auna tsawon sandar birkin hannu, da tsawon waya, da hanyar da take bi, duk don su dace da juna. Mai haɗi a gida zai ɗauko sanda daga wata mota, ya yanke ta don wuri ya yi ƙunci, ya lanƙwasa waya ta kusurwa mai tsanani, sai ƙarfin ya zube a hanya. Wasu kan ɗaura kalifar a kife don waya ta samu wurin wucewa, sai kan fitar da iska ya koma ƙasa, iska ta maƙale a sama. Ga shi motar ba ta wuce rabin nauyin Sierra ba, birkin baya ba ya aiki sosai, kuma tana kwashe lokacin sanyi duka a gareji, tsatsa na cin ta.

Shi ya sa masu gyara suka gane cewa ɗaure waya, wanda kowa ke fara yi, shi ne ya kamata ya zo ƙarshe. Da farko a sassauta wayar, a ga ko ɗan hannun bayan kalifa yana komawa mazauninsa, don idan bai koma ba zaren ciki ba zai daidaita kansa ba. A zare sandunan da kalifa ke zamewa a kansu, a goge, a sa giris ɗin da ba ya cin roba, a canza robar da ta yage. Fistin ɗin murɗa shi ake yi ya koma ciki, wanda ya danna shi da ƙarfi ya lalata zaren. A daidaita tsagar fuskarsa da ƙullin bayan takalmi, a fitar da iska, a zuba sabon mai domin man birki yana zuƙar ruwa, a taka birkin ƙafa sau da yawa har ya yi tauri. Daga nan ne za a ɗaure waya.

Abin ba na wasa ba ne. A Birtaniya tun 1960 ake gwajin lafiyar mota na MOT, kuma a yau ana buƙatar birkin hannu ya ba da ƙarfin da ya kai kashi 16 cikin 100 na nauyin motar. Idan ya gaza, mota ba ta hawa titi. Ba a karɓar waigin da yaron mota ke sawa ƙarƙashin taya.

Ga mai rubuta labari, a nan akwai abin ɗauka. Idan za ka sa mota ta gangara ta yi ɓarna a littafinka, “birki ya tsinke” bai isa ba. Wa ya ɗaure wayar, me ya bari bai duba ba, tun yaushe tsatsa ta fara? Amsar tana bakin bakanike, a je a zauna da shi a tambaya. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.