Baƙi da Lamba: Hisabin Malaman Maiurno da Haruffan Ibraniyanci

A shekara ta 1903 Turawan Ingila suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da tafiya gabas tare da jama'a, har suka zauna a bakin Kogin Nilu Shuɗi kusa da Sennar, a garin da ake kira Maiurno. Da aka gama madatsar ruwa ta Sennar a 1925, Hausawa masu niyyar Makka suka cika ƙauyukan Jazira suna aikin auduga. Malamai sun zo da allo da tawada, mutanen ƙasar kuwa suka riƙa zuwa wurinsu neman laya da rubutun sha.

Gindin wannan sana'a shi ne hisabi, watau kowane baƙi yana da lambarsa. Alif 1, ba 2, jim 3, dal 4. Wanda ya buɗe Zabura 119 zai ga abin mamaki, gama an raba ta kashi 22 bisa ga haruffan Ibraniyanci, tana farawa da alef, bet, gimel, dalet. Jeri ɗaya ne, lambobi ɗaya. Larabci da Ibraniyanci 'yan'uwa ne, tsohon jerin kakanninsu suka gada.

Yahudawa suka yi nisa cikin wannan tunani. Wani ƙaramin tsohon littafi, Sefer Yetsira, ya koyar cewa da haruffan nan 22 aka kafa duniya: uku iyaye, alef da mem da shin, iska da ruwa da wuta, bakwai masu lafazi biyu, goma sha biyu sauƙaƙa. Daga baya koyarwar Kabbala ta bunƙasa a Sifen a ƙarni na 13, da littafin Zohar. Masu binta sukan tara lambobin kalma. Kalmar "ɗaya" 13 ce, "ƙauna" ma 13, jimlarsu 26, daidai da haruffa huɗu na sunan Ubangiji. Lissafin yana da daɗin ji, babu shakka. Har Kirista sun shiga: a 1494 Bajamushe Reuchlin ya sa shin a tsakiyar sunan nan, ya ce sunan Yesu ne ya fito.

A wajen Musulmi, littafin Shamsul Ma'arif, wanda ake dangantawa ga al-Buni, shi ne ya yi suna. Bakatsine ma ya yi fice, Muhammadu al-Kashnawi, wanda ya rubuta littafi a kan hatimi, ya rasu a Alƙahira a 1741. Hatimi mafi sani yana da gida tara, daga 1 zuwa 9, kowane layi ka tara sai 15.

To, ga inda magana take. Malaman Sakkwato da Kano sun koyi ƙidayar yamma, inda shin take 1000. A ƙidayar Masar da gabas shin 300 ce, kamar a Ibraniyanci. Ashe mutum mai suna Bashir, lambarsa a bakin Kogin Rima dabam take da lambarsa a Alƙahira, alhali shi ɗin ne. In malami ya dogara ga lambar nan ya hana aure ko tafiya, wace ƙidaya ce ta faɗi gaskiya?

Kada mu yi saurin dariya, 'yan'uwa, gama cikinmu akwai masu ɗaura wa yara laya a ɓoye, akwai kuma masu lissafa 666 a kan duk shugaban da ba su so. Littafi Mai Tsarki ya san lambar haruffa. Sunan Dawuda a Ibraniyanci 4 da 6 da 4 ne, watau 14, Matiyu kuwa ya jera zuriyar Yesu kashi uku na sha huɗu sha huɗu. Wannan alama ce ta koyarwa, ba a rataya ta a wuya. Game da Wahayin Yahaya 13:18, masana da yawa sun nuna cewa "Neron Kaisar" da haruffan Ibraniyanci yana ba da 666, sarkin Roma da ya tsananta wa ikilisiya a shekara ta 64. In an cire nun ta ƙarshe, mai lamba 50, sai ya zama 616, haka kuwa aka same shi a waɗansu tsofaffin rubuce-rubucen hannu.