Wa Za a Fara Dubawa? Tarihin Kula da Masu Rauni

Gabatarwa

Idan mota ta kife a kan hanya, aka kwaso mutum goma zuwa asibiti da tsakar dare, galibi ma'aikacin jinya ne zai fara tarbarsu kafin likita ya iso. Tambayoyi uku ne ke gabansa: wa zai fara dubawa, me zai fara dubawa a jikinsa, kuma yaya za a yi kada asibitin ya ƙara masa wata cutar. Amsoshin da ake koya wa ɗalibai a yau suna da tarihi, kuma kowacce sai da aka yi asarar rayuka kafin a gano ta.

Jinyar masu rauni daɗaɗɗen aiki ne. Malaman sira sun ambaci Rufaida al-Aslamiyya, wadda ta kafa hema a masallacin Madina, inda aka yi jinyar Sa'adu ɗan Mu'azu bayan Yaƙin Gwalalo a shekarar 627. To amma tsarin da asibitocin zamani suke bi ya samo asali ne daga ƙarshen ƙarni na 18.

Wanda Za a Fara Dubawa

A yaƙe-yaƙen Turai na wancan zamani, sau da yawa akan bar mai rauni a fagen fama har sai ƙura ta lafa. Dominique Larrey, likitan fiɗa na sojojin Faransa wanda daga baya ya yi wa Napoliyan aiki, shi ne ya sauya wannan al'ada a shekarun 1790. Ya ƙirƙiro kekunan doki marasa nauyi masu ɗauko masu rauni tun ana cikin gumurzu. Daɗin daɗawa, ya kafa ƙa'ida cewa tsananin rauni za a duba, a ajiye muƙami gefe, watau kurtun da jini ke kwarara daga jikinsa ya riga hafsan da ya gurɗe. Wannan ita ce tushen tantance majiyyata da ake yi a sashen gaggawa har ila yau.

Cutar da Asibiti Kan Haifar

A shekarar 1847, a babban asibitin birnin Viyana, Ignaz Semmelweis ya lura cewa masu jego sun fi mutuwa a ɗakin da likitoci da ɗalibansu ke karɓar haihuwa bisa ga ɗakin ungozomai. Ya gano cewa daga wurin fiɗar gawa suke zuwa su taɓa matan. Da ya wajabta wanke hannu da ruwan kulorin, sai mace-macen suka faɗo daga kimanin kashi 18 cikin 100 a watan Afrilu zuwa kimanin kashi 2 a watan Yuni. Duk da haka, likitocin zamaninsa da dama sun ƙi karɓar maganarsa.

Cikin Nuwamba 1854, lokacin Yaƙin Kirimiya, Florence Nightingale ta isa asibitin sojojin Ingila da ke Scutari, a ƙasar Turkiyya, da ma'aikatan jinya 38. Ta tarar da atuni da kwalara da taifot sun fi harsashi kisa. Bayan da wani kwamitin tsabta ya iso cikin Maris 1855, aka yashe magudanai, aka buɗe wa ɗakuna hanyar iska, sai mace-mace suka ragu ainun. Alƙaluman da ta tattara su ne hujjarta a gaban gwamnati, kuma a 1860 ta buɗe makarantar jinya a asibitin St Thomas da ke London.

Abin da Za a Fara Dubawa

Tambaya ta biyu ita ce ta daɗe ba ta sami tsayayyiyar amsa ba. Cikin Fabrairu 1976, ƙaramin jirgin saman da James Styner, wani likitan ƙashi, yake tuƙawa ya faɗi a jihar Nebraska ta Amurka. Matarsa ta rasu nan take, 'ya'yansa suka jikkata, kuma kulawar da suka samu a wani ƙaramin asibitin karkara ba ta gamsar da shi ba. Wannan ne ya sa shi da abokan aikinsa suka tsara kwas ɗin da aka fara koyarwa a 1978, wanda ƙungiyar likitocin fiɗa ta Amurka ta ɗauka a 1980.

Ƙa'idarsa ita ce a fara da abin da ya fi saurin kisa. Da fari a tabbata hanyar numfashi a buɗe take, ana tallafe da wuya kada a motsa shi. Sa'an nan a duba numfashin kansa, sai zagayawar jini, sai hayyaci, sa'an nan a buɗe jiki a duba ko'ina ba tare da an bari sanyi ya kama majiyyaci ba. Darussan yaƙin Iraƙi da na Afganistan sun ƙara gyara guda: idan jini na tsartuwa, shi ake fara tsayarwa, ta hanyar dannawa ko ɗaure gaɓa tamau.

A 2008 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jerin abubuwa 19 da za a tabbatar a ɗakin fiɗa, kamar sunan majiyyaci, da gaɓar da za a yi wa aiki, da ƙidayar auduga da kayan aiki kafin a ɗinke. A asibitoci takwas da aka gwada jerin, har da na Ifakara a Tanzaniya, mace-mace sun sauka daga kashi 1.5 zuwa kashi 0.8 cikin 100.

Kammalawa

Larrey da Semmelweis da Nightingale da Styner, babu wanda ya zo da sabon magani a cikinsu. Abin da suka bari shi ne tsari, tsari kuwa a hannun ma'aikacin jinya yake rayuwa ko ya mutu. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023 ya ƙiyasta cewa haɗurran hanya kan kashe mutum kimanin miliyan 1.19 a shekara. Saboda haka wajibi ne ɗalibi ya haddace matakan nan har ya iya bin su ko daga barci aka tashe shi, kada kuma kwarjinin wani babba ya sa shi tsallake mai zubar da jini. Ma'aikacin gwamnati kuwa ya sani cewa wanke hannu ba ya yiwuwa a ɗakin da famfo ya ƙafe. Ruwa da sabulu da safar hannu da man motar ɗaukar marasa lafiya, duka a kan teburinsa ake sa musu hannu.