Kusto, mai ɗaukar hoto ƙarƙashin teku

Jama'a, a da ba kowa ya san abin da ke cikin teku ba. A 1943 wani Bafaranshe, Kusto, shi da abokinsa Ganyan, suka ƙera tulun iska wanda mutum ke goyawa ya nutse. Da shi Kusto ya riƙa ɗaukar hoto ƙarƙashin ruwa.

A 1956 ya nuna sinimarsa, "Duniyar Shiru". Mutane suka ga kifaye iri-iri, suka yi mamaki. Amma wurin aikin har nakiya suka fasa, kifaye da yawa suka mutu.

Daga baya Kusto ya sake hali. A 1960 aka so a zuba shara mai guba cikin Bahar Rum. Ya ƙi, jama'a suka goya masa baya, aka bari. Ya rasu a 1997.

Gani ya kori ji.